Kana da labarin sarƙaƙiya a hannu: ka kai shi babban kamfani ko ka yi abinka da kanka?

Duk wanda ya rubuta labarin fim a Maraɗi ya san tambayar da ke biyo baya, ita ce in ɗauki takarduna in tahi Kano wajen manyan kamfanoni ko in tara abokaina mu yi abinmu nan gida. In labarin soyayya ne ko barkwanci amsar ba ta da wuya sosai, amma in irin fim ɗin nan ne mai sa zuciya ɗar-ɗar, an kashe mutum ba a san wa ya kashe ba, ko kuɗɗi sun ɓace a gidan Alhaji kowa na zargin kowa, to sai ka zauna ka yi lissafi da kyau, don irin wanga fim rayuwarshi duka tana ga abin da ka ɓoye ma mai kallo da lokacin da za ka buɗe mishi. Wanda ke riƙe da almakashin montaj na ƙarshe, wato yanka da haɗa hotunan da anka ɗauka, shi ne mai fim ɗin, ko da sunan wa anka rubuta a fosta.

Kafin ka kira kowa, ɗauko senariyon, wato rubutaccen labarin fim ɗin, ka ƙirga. Shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo in an rubuta shi bisa tsari. Ƙirga wurare nawa labarin ya taka, mutum nawa ke magana, fitowa nawa ce ta dare, akwai tseren mota, akwai taron jama'a, akwai bindiga. In ka ga labarin nan duka gida ɗaya ne da shago ɗaya da wani lungu a Bagalam ko bakin gulbi, mutum shida ko bakwai, to ba ka da wata buƙatar babban kamfani don ɗauka, ƙila sai wajen sayarwa. In ko akwai motoci uku na bin juna a hanyar Dan Issa da jandarmomi cike da mota da gobara a kasuwa, kar ka yaudari kanka, kuɗɗin adashen ka da na yayarka ba za su yi ba. Ko ka kai ma masu ƙarfi ko ka koma ka rage labarin, kuma sau da yawa ragewar nan gyara ce, don tseren motar da anka ɗauka da araha dariya ya ke ba mutane.

Abu na biyu kuma kar ka bari kowa ya karanta kafin ka yi shi: ka yi rajistar rubutunka a ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, ka riƙe takardar sheda. Ka kuma tura ma kanka kwafi ta imel don kwanan wata ya zauna. Mutane na tura senariyo gaba ɗaya ta WhatsApp ga wanda ba su taɓa gani ba, bayan wata takwas su ga labarinsu a YouTube an canza sunaye kawai, ba su da abin nunawa. Da farko taƙaitaccen labari na shafi ɗaya ko biyu ake turawa, kuma a irin wanga fim ko a taƙaitawar ba dole ba ne ka faɗi wanda ya yi kisan.

To me babban kamfani ke ba ka? Gaskiya abubuwa da yawa, kar mu raina. Kano sun fara fim ɗin bidiyo tun 1990, ofisoshi na nan jere a Zoo Road, akwai masu kamera da masu fitila da masu kwalliya da ƴan kontiniti masu lura kada fitowa ta saɓa ma wadda ta gabata, waɗanda sun shekara ashirin suna abu ɗaya, ba sai ka koya ma kowa inda za shi tsaya ba. Suna da jaruman da fuskarsu kaɗai ke jawo kallo. Babban abin kuma suna da hanyar kai fim gaban mutane, don tun da kasuwar faifan CD ta mutu, wadda da can ƴan kasuwar Ƙofar Wambai ke riƙe da ita, abin ya koma YouTube da tashoshi irin Arewa24 da ta buɗe a 2014 da manhajojin biya ka kalla, kuma kamfanin da tasharshi ke da mabiya masu yawa ranar da ya saki kashi na ɗaya ranar za a kalla, kai ko da sabuwar tasha sai ka yi wata kana roƙon dangi su danna.

Amma ga yadda zaman ke kasancewa. Ka shiga ofis, furodusa na jujjuya takardun da hannu ɗaya waya na ɗayan hannun, ya ce "Malam labarin nan ya yi, amma waƙa nawa ne a ciki?" Ka ce "Ranka shi daɗe babu waƙa, labarin bincike ne." Ya ajiye wayar ya dube ka, ya ce "To ita yarinyar nan da ɗan sandan ba sa son juna? A sa su so juna mana, a yi waƙa biyu, kuma kashi shida ya yi kaɗan, mu dogon zango muke yi." Ba mugunta ba ce hwa, shi ya san kasuwarshi, tallan da ake sa wa a tsakiya da kuɗɗin YouTube duk yawan mintoci da yawan makonni suke bi. Sai dai kai labarinka an gina shi ne ya ƙare cikin awa biyu, in anka ja shi zango uku dole a cusa kishiya da rikicin gado da wani kawu da ya dawo daga Saudiyya, mai kallo ya manta ma an kashe wani a farko.

Sai maganar jarumai, wadda mutane ba su cika lura da ita ba. Masu kallon fim ɗin Hausa sun san ɗabi'ar kowace fuska. Akwai wanda ko sallama ya yi a fitowa ta farko yara za su ce ga mugun nan, akwai kuma wanda duk duniya ta san ba za a taɓa sa shi ya zama mai kisa ba don masoyanshi ba za su yarda ba, shi ma ba za shi yarda ba. To in sirrinka shi ne malamin nan mai fara'a shi ya aikata, kamfani kuma ya ba da rol ɗin ga wanda ya saba fitowa a bos, an gama da kai tun a fosta. Sabbin fuskoki a nan riba ce, ɗan wasan dandali na gidan matasa ko ɗalibar jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ba wanda ya sani, mai kallo bai da abin da za shi kama ya yi hasashe. Haka tirela, masu talla na son su zuba duk abin da ya fi zafi cikin minti biyu, har da fitowar ƙarshe. Ka nemi a rubuta cewa sai ka gani kafin a saki.

Akwai kuma tace fim. Jihar Kano na da hukumar tace finafinai tun 2001, kuma duk kamfanin da ke aiki can ƙarƙashinta ya ke. A watan Satumba na 2021 hukumar ta hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya, a Mayu 2025 kuma ta dakatar da finafinai masu dogon zango guda 22 saboda ba a kai mata su ta duba ba kafin a saki. Ka duba waɗanga abubuwa uku da anka lissafa, rabin labaran sarƙaƙiya da matasa ke rubutawa a kansu suke. Saboda haka tambayi kamfanin tun ranar farko, labarin nan za shi wuce ko sai an yanke, in za a yanke ina da ina. Wanda ya ce maka "kar ka damu mun san yadda za mu yi" bai ba ka amsa ba.

Wanga ba shi nufin in ka yi a Maraɗi ba ka da mai tambayarka. Ka tuntuɓi cibiyar fina-finai ta ƙasa, CNCN, a Yamai kan izinin ɗauka, ka sanar da ofishin magajin gari da komisariya a rubuce, ka je ka gaida mai unguwa. In akwai bindigar roba ko kayan sarki a fim ɗin to wanga ba abin wasa ba ne sam, da halin da ake ciki a yankin iyaka wajen Madarunfa da Gidan Rumji ba wanda za shi tsaya tambayarka ko fim ne in ya ga samari da rawani da bindiga cikin duhu. Fitowar daji a ɗauke ta kusa da gari da rana, da jami'i tsaye a wurin. Jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi ma kar ka tashe shi sai da izini.

Yanzu in ka zaɓi yi da kanka ko da ƙaramin kamfani na abokai, ga inda kuɗɗi ya kamata su tahi, kuma ba kamera ba ce. Kowa kamera ya ke fara tambaya. Kamerar haya mai matsakaicin kyau ta isa, abin da ke kashe finafinanmu sauti ne da hasken dare. A fim ɗin ban dariya in sauti ya ɗan lalace mutane za su haƙura, a naka kuwa shiru kanshi kayan aiki ne, takun ƙafa a soro, ƙarar sakata, numfashin wanda ya ɓoye bayan ƙofa. Ka yi tunanin ƙarfe goma sha ɗaya na dare, jaruma na raɗa a waya tana cewa akwai mutum a tsakar gida, an ɗauke kuran an tada gurub, gurub ɗin na bayan katanga shina ta ɓaɓatu, kabu-kabu na wucewa, wani gidan biki na can ya saki sipika. Washegari a wajen montaj sai ka ji raɗar nan ta nutse gaba ɗaya. Maganinshi doguwar waya ta kai gurub can nesa bayan wani gini, ko fitilu masu batir, ƙaramin makirfo a jikin riga da wani a kan sanda, da mutum guda wanda aikinshi kawai ya sa abin ji a kunne ya ce a tsaya in ya ji hayaniya. Kowane ɗaki in kun gama ku yi tsit minti ɗaya a naɗi shirun ɗakin, mai montaj za shi sa muku albarka.

Lokaci ma ka zaɓa. Watan Afrilu da Mayu zafin ya wuce digiri 40, kamera na kashe kanta, kwalliya na narkewa, ƴan wasa na jin haushin juna. Damina ruwa bisa kwano ba ya barin a ji magana, kuma yau hadari gobe rana fitowa ba ta haɗuwa. Lokacin hunturu, Disamba da Janairu, ya fi, hazon nan ma kyauta ya ke ba ka irin yanayin da wasu ke biyan kuɗɗi su haɗa a kwamfuta.

Kar ka kashe komi a lokeshan. Ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na montaj da gyaran sauti da launi da kiɗa, don da yawa sun gama ɗauka aljihu wayam, fim na kwance a faifai shekara biyu. Kiɗa a sa mai situdiyo ya buga muku naku, in kunka ɗauko na fim ɗin Indiya ko na Turai na'urar YouTube na gane shi ta karkatar da kuɗɗin ga masu shi ko ta rufe bidiyon. Kowane dare a kwafe abin da anka ɗauka a faifai biyu, a gida biyu daban. Ƴan wasa ko ƙannenka ne su sa hannu a takarda cewa sun yarda, kuma shafukan ƙarshe na senariyo kar a raba ma kowa sai ranar ɗauka, garin nan ƙarami ne, in mutum goma sunka san wanda ya yi kisan to duk fada ta sani kafin sati.

Wahalar mai zaman kanshi ta gaske bayan an gama fim ta ke farawa. YouTube sai tasha ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 kafin a fara raba kuɗɗin talla, mai tasha na samun kashi 55 cikin ɗari, kuma ba kowace ƙasa ce ke cikin tsarin biyan ba, Najeriya na ciki, don haka duba jerin ƙasashen tun kafin ka buɗe tasha kar ka yi aikin banza. In za ka ɗora a tashar wani abokin hulɗa na Katsina ko Kano, a rubuta rabon, kuma ka nemi ka riƙa ganin shafin lissafin da idonka ba hoton da za a turo maka ba. Ƴan dawunlodin kuwa ranar da ka saki ranar za su fara tura ma mutane a waya, ba yadda za ka yi da su, sai dai ka sa tallan masu ɗaukar nauyinka a cikin fim ɗin kanshi ta yadda duk inda ya je da shi za shi je. Maraɗi garin ƴan kasuwa ne, mai shagon waya da mai gidan mai da mai sayar da atamfa duk ana iya zama da su, amma ka je da fitowa ɗaya da ka riga ka ɗauka a waya ka nuna, Alhaji ba ya karanta senariyo.

Ni dai a ganina, ga wanda wanga ne fim ɗinshi na farko kuma labarin bai da faɗi, hanya ta tsakiya ta fi: ka ɗauka da kanka, ka gama montaj yadda kake so, sannan ka kai ma babba ya rarraba. Ko a Amurka haka wasu ke yi. Kamfanin Blumhouse ya yi suna ne da ba daraktoci kuɗɗi kaɗan da ƴanci mai yawa, sannan Universal, ɗaya daga cikin manyan Hollywood, ta kai fim ɗin gidajen sinima, sun ma ƙulla yarjejeniyar shekara 10 a 2014. Fim ɗinsu Get Out na 2017 dalar Amurka miliyan 4.5 anka kashe, ya kawo sama da miliyan 250. Ba ina cewa za ka samu irin wannan ba ne, tsarin nike nuna maka, wanda ya zo da gamammen fim ciniki ya ke yi, wanda ya zo da takarda kuwa alfarma ya ke nema. In kuɗɗin gamawa ba su kai ba, ɗauki kashi na ɗaya kaɗai, minti 20 ko 25 mai kyau da ya ƙare a inda mutum za shi ce kai sai na ga na biyu, ka shiga ofis da shi.

Ko wace hanya ka bi, kontara, wato yarjejeniya a rubuce, ita ce komi, kuma mu nan muna jin kunyar takarda, sai a ce ai Alhaji babanmu ne. Babanka ne yau, ranar da fim ya yi kasuwa kowa da abin da za shi tuna an faɗa. Ga abin da ya kamata ka gani a rubuce. Sayarwa ce ta har abada ko haya ce ta shekara biyu ko uku, kuma a ina, YouTube kaɗai ko har talabijin da manhaja. Ka yi ƙoƙari ka riƙe haƙƙin nunawa a tashoshin Nijar da kai shi gasa a hannunka, kamfanin Kano bai cika damuwa da su ba, kai kuwa suna maka amfani. Wa ke da maganar ƙarshe a montaj, in ba za su ba ka duka ba a ƙalla a rubuta ba za a canza ƙarshen labari ba kuma ba za a ƙara waƙa ba sai da yardarka. In an yi zango na biyu wa za shi rubuta, nawa za a biya. Sunanka a ina za shi fito. In senariyo ka sayar, a sa wa'adi, in ba su ɗauka ba cikin wata 12 ko 18 labari ya dawo hannunka, in ba haka ba sai ya kwana a durowa kai ba ka yi ba su ba su yi ba.

Wajen rabo ka kula da kalmar riba. In anka ce za a ba ka kashi 30 na riba, to sai an cire kuɗɗin ɗauka da talla da mai da abinci da duk abin da mai lissafi ya ga dama, kuma shi ke riƙe da littafin. Gara kashi 10 na duk abin da ya shigo da kashi 30 na ribar da ba za ka taɓa gani ba. Mafi kyau a ba ka wani abu a hannu, rabi ranar sa hannu rabi ranar miƙa aiki, rabon ya zama ƙari.

Sai kuɗɗin da za a biya da su, naira ko sefa, wanga mu ƴan iyaka mun fi kowa sanin zafinshi. Sefa a ɗaure ta ke da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, naira kuwa tun da anka sake ta a Yunin 2023 ta faɗi warwas, wanda ya yi ciniki da naira a farkon shekarar anka biya shi a ƙarshenta ya san abin da ya rasa wajen ƴan canji. Kai da sefa kake biyan ƴan wasa da esansi, to a rubuta adadin da sefa, ko a rubuta canjin ranar biya za a bi. Ka kuma tuna an rufe iyakar nan daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ta Jibiya ma sai Afrilun 2022 anka buɗe ta, an sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. In duk kayan aikinka da jarumanka daga Kano za su zo ta Jibiya, a sa a takarda abin da za a yi in hanya ta toshe, wa za shi ɗauki asarar kwanakin.

Wani abu da ni ke jin takaicinshi shi ne yadda yaranmu in sun samu shiga can sai a goge Maraɗin daga labarin, jandarma ya koma ɗan sanda, jikka ta koma naira dubu, munka da sunka su koma Kananci, a ƙarshe fim ya zama kamar sauran ɗari da ke fita. Alhali abin da ba su da shi ke nan. Labarin fasa-ƙwaurin mai da shinkafa a kan iyaka, ɗan canjin da ya ɓace da kuɗɗin mutane ranar kasuwa, jami'in da ke rubuta rahoto da Faransanci shina yi ma mai laifi tambaya da Hausa, duk wanga sabo ne ga mai kallo a Kaduna ko Zariya. Kuma ƙasar nan ba baƙuwar fim ba ce, Oumarou Ganda ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO, gasar finafinan Afirka ta Wagadugu, a 1972, gasar na nan duk shekara biyu. In ka riƙe haƙƙin kai fim gasa, sa a yi maka fassarar ƙasan allo da Faransanci tun wajen montaj, da wani kwafi maras tambarin tasha da talla, don masu gasa da gidajen talabijin shi za su tambaya, kuma cire tambari daga baya in ba ka ajiye asalin aikin ba sai an sake haɗa fim ɗin daga farko.

Kafin ka sa hannu da kowane kamfani, babba ko ƙarami, nemi marubuta biyu ko uku da sunka taɓa aiki da su ka tambaye su a keɓe, an biya ku, a kan lokaci, an canza muku labari. Takardar kuma kai ma lauya ko noter ya karanta, in da Ingilishi anka rubuta ta a samo wanda za shi fassara maka layi-layi, kuma kowa ya tashi da kwafinshi mai sa hannu da shedu biyu.